Tabon Jini a Fuskar Ɗan Goye

'Ya'yana, ku da Allah Ya ba haihuwa a 'yan shekarun nan, mazanku da matanku, daga cikin garin Dutsin-Ma har Karofi da Makera, daga Kurfi har Birchi da Rawayau, ku matso in yi muku zancen wani ciwo na jarirai. Da yawanku har ku aurar da autanku ba za ku gan shi ba, kuma haka nake roƙa muku. Amma gidan da ya faɗa wa, daren farko ba mai runtsawa, kuma a cikin wannan daren ake yanke shawarar da za ta tsare yaro, ko kuwa ta jawo masa wahalar da ciwon bai zo da ita ba. Na yi aikin jinya a ɗakin yara har ƙarfi ya ja baya. Wani abin da zan faɗa idona ne ya gani, wani kuma a wurin waɗanda suka fi ni sani na ɗauko.

Ga yadda yake zuwa. Yaro ne ɗan wata huɗu zuwa shekara biyu, galibi namiji. Ya yi 'yar mura ko tari, ko gudawa, ko ciwon kunne, har an fara cewa alhamdu lillahi ya warware. Bayan 'yan kwanaki sai a wayi gari kunnuwansa sun kumbura sun yi kauri, kumatu sun tashi, fatar ido ta yi nauyi, bayan hannu da bayan ƙafa sun cika tim. Wani har gabansa yakan kumbura. A kan kumburin sai ga tabo zagayayye, daga mai faɗin santimita 1 har zuwa 5, tsakiyarsa ta fi gefensa duhu. A jikin yaro mai haske ja ne mai ratsin shuɗi. A jikin baƙin yaro, irin yawancin namu, ya fi kama da lallen da ya kwana ya kama sosai har ya rine. Ciki da ƙirji da gadon baya galibi ba abin da ke taɓa su. Jiki yakan yi ɗumi, amma ba zazzaɓin nan mai gasa hannu ba.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne yaron kansa. Fuskarsa ta tsorata duk wanda ya leƙo ɗakin, shi kuwa yana kama nono yana sha, yana bin mutane da ido, yana miƙa hannu a ɗauke shi. In ya yi kuka, sai an taɓa wurin kumburin, don akwai zafi a wurin.

Likitoci sun daɗe da saninsa. Wani likita a Amurka mai suna Snow ne ya fara rubuta labarinsa a 1913, a kan wani yaro da ke kan nono. A 1938 Finkelstein, babban likitan yara na birnin Balin a Jamus, ya bayyana shi a littafinsa, sai wani Bajamushen, Seidlmayer, ya biyo baya. Shi ya sa a asibiti za ku ji an ce cutar Finkelstein, ko kumburi mai zubar jini na jarirai. A 2008 wasu likitoci a Suwizalan suka tattaro duk abin da aka rubuta a kansa, suka samu yara kusan 300 kacal, kashi biyu cikin uku maza, yawancinsu a kusa da shekara guda da haihuwa. Wato ma'aikacin lafiya zai iya yin ritaya bai haɗu da shi ba. Ni dai a ganina a wurinmu ya fi abin da aka rubuta yawa, domin tabo a baƙar fata yana ɓoyewa, kuma ciwon da ke warkewa da kansa ba kowa ke kai shi inda za a rubuta ba.

Me ke faruwa a cikin jikin? Allah Ya yi wa ɗan Adam garkuwa da ke yaƙar ƙwayar cuta. In yaro ya yi mura, garkuwar takan haɗa abubuwan da za su kama ƙwayar su riƙe ta. A jikin wasu 'yan yara ƙalilan, ragowar wannan kokawa takan je ta maƙale a bangon ƙananan jijiyoyin jini da ke cikin fata. Fararen ƙwayoyin jini su taru a wurin don sharewa, garin haka bangon ya ji rauni ya fara yoyo. Ruwa ya fita, shi ne kumburin. Jajayen ƙwayoyin jini su biyo, shi ne tabon. Jinin yaron lafiya lau yake, yana daskarewa yadda ya kamata, kuma ɓarnar kusan kullum a fata take tsayawa, ba ta cika kaiwa ga ƙoda ko hanji ba. Ba a ɗaukarsa, don haka ba dalilin raba shi da 'yan'uwansa ko ware masa kwano. Cikin mako ɗaya zuwa uku bangon ya gyaru, jiki ya shanye ruwan da jinin, yaro ya koma yadda yake.

To, za ku ce, Inna, tun da haka ne ai sai mu zauna a gida mu jira. A'a, 'ya'yana. Duk doguwar maganar nan don wannan wurin na yi ta. Kama da wane ba ta wane. Wannan ciwo mai sauƙi yana da abokin kama wanda ba ya ba da kwana biyu, kuma mu a nan cikin ƙasarsa muke zaune.

Sanƙarau nake nufi. Katsina tana cikin yankin da ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha, inda wannan cuta ke tashi da rani, tun daga hunturu har faɗuwar ruwan farko. Iyayenku ba su manta 1996 ba, shekarar da sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Ku kanku kun ga 2017, da ta taso daga Zamfara ta shiga Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, aka ƙirga sama da 14,000 da ake jin sun kamu, fiye da 1,100 suka riga mu gidan gaskiya. Mutane sun san sanƙarau da sandarewar wuya, amma jariri sau da yawa wuyansa ba ya sandarewa. Kuma ƙwayar takan bar kai ta shiga jini kai tsaye, ta fito da tabon jini a fata. Wannan nau'in shi ya fi saurin kisa. Yaron da aka ga tabonsa da hantsi yana iya cikawa kafin asuba.

Bambancin da ke tsakaninsu a jikin yaron yake, fiye da a tabon. Mai sanƙarau ba ya kama nono, ko ya kama ya saki. Jikinsa yana da zafi sosai, amma tafin hannu da ƙafa sanyi ƙalau. Ya yi laushi, barci ya danne shi ba ya tasuwa, ko kuma ya riƙa wani siririn kuka da ba ya lallasuwa, in an ɗauke shi ma ya ƙaru. Maɗigarsa takan tashi ta yi tauri. Numfashi ya yi sauri, wani ya yi jijjiga. Tabonsa yakan fara ƙanana kamar tsinin allura, a ko'ina har ciki da baya, ya yi ta yaɗuwa kana kallo. Duk uwar da ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba ta da lokacin neman mayafi mai kyau.

Sai dai kada wannan bayani ya sa ku ɗauki kanku alƙalai. A sa'o'in farko mai sanƙarau ma yakan yi kamar ba shi da wani abu, ya sha nono, ya yi murmushi. Na ga likitocin da suka yi furfura a aikin sun tsaya kan yaro suna jujjuya abin, daga ƙarshe suka ce a kwantar da shi a sa ido. Abin da gwani ya ce sai ya kwana yana kallo, bai kamata ku yanke masa hukunci a tsakar gida da fitilar waya ba.

Akwai gwajin da za ku iya yi, kuma ina so kowace uwa ta iya shi. Ku fito da yaro hasken rana. Ku ɗauki kofin gilashi mai garau ku danna gefensa a kan tabon, ku duba ta cikinsa. Ƙurajen zafi da borin jini da ƙyanda sukan dushe in an danna, don jinin yana cikin jijiya, dannawa ta kore shi. Tabon da bai dushe ba, jini ne da ya riga ya fita daga hanyarsa. A baƙar fata ku duba inda ya fi haske: tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido, dasashi da cikin leɓe. Amma ku riƙe wannan da kyau: tabon cutar Finkelstein ba ya dushewa, na sanƙarau ma ba ya dushewa. Kofin ba zai raba muku su ba. Abin da zai gaya muku guda ɗaya ne, yau za a je asibiti.

Akwai wasu masu kamar da ya kamata ku sani, ko da a taƙaice. Kumburin tamowa a hankali yake zuwa, daga ƙafa biyu yake farawa, in ka danna da babban yatsa ka ƙirga uku sai ka bar rami, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ba walwala. Wannan yana da yawa a ƙasar Katsina, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo, kuma akwai cibiyoyin da ke ba da abincin nan na leda mai gyaɗa da madara. Amosanin jini, wato sikila, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa yake fara nuna kansa, a daidai wannan shekarun, amma da azabar ciwo kuma babu tabo. A Najeriya ana haihuwar yara wajen 150,000 da shi duk shekara, don haka in an ce a gwada jinin yaro kada ku ji haushi. Ciwon ƙoda yakan kumbura fuska da safe, fitsari ya yi kumfa. Sannan akwai yaran da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini suka yi ƙaranci a jikinsu, su ma tabo ne ke fito musu.

Wata safiya da hunturu wani maƙwabcina ya yi sallama tun ban idar da lazimi ba. "Inna, don Allah ki zo ki duba mana yaron nan." Na tarar da ɗaki cike da mata. Yaron yana kan cinyar kakarsa, kunnuwansa biyu sun yi suntum sun yi baƙi, kumatu da tabo biyu manya, ƙafafu kamar za su tsage. Kakar tana share hawaye da gefen zane. "Yaya, dubi yadda aka mayar mini da maigidan. Mataccen jini ne ya taru. Na aika a kira wanzami ya sa ƙaho ya zuƙe shi." Maigidan nata kuwa ya kama carbin da ke wuyanta yana ta ƙoƙarin kai shi baki. Uwar tana tsaye a bakin ƙofa, kanta a sunkuye, ɗan fari ne, ko kallon inda yake ba ta yi. Na ja ta bayan ɗaki na ce, "Ɗiyata, ba kowa a nan. Yana sha?" Da ƙyar muryarta ta fito. "Yana sha, Inna. Bai fasa ba. Makon jiya ya yi mura, na saya masa magani a kemis." Kalmomin nan nata sun fi mini duk hayaniyar ɗakin amfani. Na shafa maɗiga, tana kwance. Tafin ƙafa da ɗumi. Zuciyata ta ɗan sauka, amma na ce wa uban ya tayar da babur yanzu, na roƙi kakar ta sallami wanzamin da goronsa. A asibiti aka kwantar da shi, aka ɗebi jini da fitsari, aka fara masa allura kafin sakamako ya fito. Da komai ya fito lafiya aka dakatar da allurar. Kafin wata ya ƙare, sai ka nema kafin ka ga inda tabon yake.

Ban raina wanzami ba. Shi ya yi wa kakanninmu aski da kaciya, kuma yawancinsu mutanen kirki ne masu tsoron Allah. Amma ku yi tunani a kan abin da na gaya muku. Jinin tabon nan ba a tare yake wuri guda ba balle ƙaho ya janyo shi, ya bazu ne cikin naman fata. Tsaga ba za ta fitar da komai ba sai sabon jinin da yaro ke bukata, ta bar ƙofa a buɗe ga ƙwayar cuta a fatar da ta riga ta yi rauni. In kuma aka yi rashin sa'a yaron na cikin waɗanda jininsu ba ya tsayawa ne, tsagar da ba ta kai tsawon ƙumba ba tana iya zuba har ya galabaita. Sakiya ma haka, wurin da zai warke ba alama sai a bar masa tabon wuta har tsufansa. Addu'a kuwa ku yi ta, ku tofa masa, ku sa malamai su taya ku. A kan babur ma ana yin ta.

Mai kemis shi ma ɗanmu ne, yana taimako, amma ba shi da abin gwada jini. Abin da na fi tsoro a wurinsa abu biyu ne. Na farko allura a ɗuwawu ga yaron da ba a san halin jininsa ba. Na biyu dexa, wadda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, da ake bai wa duk abin da ya kumbura. Tana danne zazzaɓi ta rufe alamomin da likita ke nema, ta kuma raunana garkuwar yaro a lokacin da wataƙila ƙwayar cuta ce a jininsa. Ko a asibiti ba a tabbatar irin waɗannan magunguna suna gajarta cutar Finkelstein ba. In likita ya ga dalilin bayarwa, shi ya san awo da ranar tsayawa. Asfirin kuwa kada ya kusanci jariri. Man shafawar nan mai sa haske, kada a shafa a tabon.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi mini ciwo. Tabon nan yana kama da na duka, kuma kunne da kumatu ne wurin da hannu ke kaiwa. A Turai ma an sha tuhumar iyaye da dukan 'ya'yansu a kan wannan ciwo kafin gaskiya ta fito. A wurinmu zargin kan kishiya yake faɗawa, ko 'yar rainon da ta goya shi jiya, yarinyar da ba ta fi shekara tara ba, a tsare ta da tambaya har ta amsa laifin da ba ta yi ba. Ko a tuna wata tsohuwa da ta shigo ta ce kai, yaron nan ya yi ɓulɓul, a ce kambun baka ne, ko a kira ta da sunan da ba ya gogewa. Yaron zai warke cikin mako uku. Maganar da aka faɗa wa baiwar Allah a tsakar gida, ana iya shekara ashirin ba a gama biyan ta ba. Ina roƙonku ku riƙe harshenku har likita ya yi magana. Ban ce ba a dukan yara ba, ana yi, kuma in likita ya yi muku tambaya a kan haka kada ku ɗauka cin fuska ne, aikinsa ne ya tsare yaron ta kowace fuska.

Ke ɗiyata mai ɗan fari, kunyarki ado ce, ni ma na yi ta. Amma ke kaɗai kika san ko ya sha nono da dare, ko ya jiƙa zane da fitsari, ko kukansa ya sauya. A gaban likita ki buɗe baki. In surukarki na wurin kuma nauyinta ya hana ki, ki ce wa ma'aikaciyar jinya kina son magana da ita a gefe, ba wadda za ta ƙi. Ki faɗi ranar da mura ta fara, da sa'ar da kika fara ganin tabon, da inda ya fara fitowa. Ki zuba duk abin da yaron ya sha cikin leda ki tafi da shi: kwalbar kemis, jiƙon gida, maganin zazzaɓin da ake rabawa gida-gida da damina, da katin rigakafinsa. Ba mai yi miki faɗa. In ma an yi, ki haƙura, lafiyar ɗanki ta fi.

Kai kuma ɗana, kana gona, ko kasuwa, ko kana Kano ko Abuja wajen nema, waya ba kullum take shiga ba. Tun yau ka gaya wa iyalinka, a gaban mahaifiyarka don kowa ya ji, cewa in yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko tabon jini ya fito masa, ka yafe neman izini, a tafi asibiti a same ka a waya daga baya. Ka ajiye kuɗin mota a wurin da ta sani, ka kuma yi magana da mai babur ɗaya amintacce. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki in rana ta faɗi. Abin da aka gani da safe aka ce bari mu ga zuwa la'asar, shi ne yake zama tafiyar dare. Akwai babban asibiti a Dutsin-Ma, akwai a Kurfi. In suka ce ku wuce Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, tafiyar kilomita 60 ce ko kusa da haka daga Dutsin-Ma, ta Kurfi za ku bi. Turawar ba tana nufin abin ya lalace ba, can ne ake da kayan gwaji da likitocin yara.

A can za a ɗebi jini a ƙirga ƙwayoyinsa, a duba zazzaɓin cizon sauro, a gwada fitsari. Mai yiwuwa a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta tun sakamako bai fito ba, bayan kwana biyu a ce ba a bukatarta. Kada ku ce an ci kuɗinku a banza. Likitan ya auna ne: in ya yi allurar ya zama ba sanƙarau ba ne, an yi asarar kuɗi, in ya jira ya zama shi ne, an yi asarar yaro. In kuma ya ce zai ɗebi ruwan baya, na san tsoron da ake ji. Mutane suna cewa shi ke nakasa yara. Cutar da ta sa aka ɗebi ruwan ce ke nakasawa in an makara, allurar kuwa ƙasa da inda lakar baya ta ƙare ake sa ta, kuma jiki yana mayar da ɗan ruwan cikin sa'o'i.

Sai zancen rigakafi, don na san zai taso. Ciwon nan ya fi zuwa a kusa da wata tara zuwa shekara, daidai lokacin allurar ƙyanda da shawara da sanƙarau. Gaskiya ne an samu yara ƙalilan da ya fito musu bayan rigakafi, kamar yadda yake fitowa bayan mura ko wani magani, kuma su ma da kansa ya warke. Na san tsoronmu yana da tushe, ba a manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Amma ni na yi aiki a ɗakin masu ƙyanda, na ga idon da ta tsiyayar, na ga uwar da ta fita da zane babu goyo. Tun da aka fara allurar sanƙarau nau'in A a arewa a 2011, irin annobar da yake tayarwa ta kwanta. A 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar da ke tare nau'i biyar a duk duniya. Ku gaya wa mai allura abin da ya taɓa faruwa, a rubuta a kati, likita ya ba da shawara, amma kada tabon mako uku ya sa ku rufe ƙofa.

Ku kuma 'ya'yana da kuka fito daga makarantar kiwon lafiya ta Kankiya da sauransu, aka ajiye ku a ƙaramin asibitin ƙauye ku kaɗai, in aka kawo muku irin wannan yaro ku tuɓe shi gaba ɗaya ku duba a haske. Ku auna zafi, ku ƙirga numfashi, ku taɓa maɗiga da tafin ƙafa, ku sa a ba shi nono a gabanku. In ya yi laushi, ku ba shi allurar farko yadda aka koya muku, ku tura shi nan take. In ma garau yake, ku tura shi da takarda. Ku zagaye tabo biyu ko uku da biro ku rubuta lokaci, wanda zai karɓe shi a gaba zai ga ko sun ƙetare layin. Tura yaro gaba ba ya rage muku daraja a idon wanda ya san aiki.

In an tabbatar cutar Finkelstein ce aka sallame ku, sauran aikin haƙuri ne. Nono dai nono, da kunu da abin da ya saba ci. Farasitamol gwargwadon awon da aka rubuta in wurin na damunsa. A sassauta goyo don kada zane ya matse ƙafafun da suka kumbura, a cire masa warwaro da guru da duk abin da ke ɗaure a hannu ko ƙugu, a yanke masa ƙumba. Wanka da ruwa mai ɗumi, ban da dirza da soso, ban da gashi da tsumma mai zafi. A kwanakin farko sabon tabo yana iya fitowa bayan na farko ya fara dushewa, wannan ba komawa baya ba ne. Ki riƙa ɗaukar hotonsa da waya kowace safiya a wuri ɗaya, idon da ke kallon yaro dare da rana ba ya ganin sauƙin da ake samu, hoto kuwa yana nunawa. Kumburi ne ke fara sauka, tabon ya koma ruwan ƙasa, a baƙar fata duhun wurin yakan ɗan jima kafin ya baje. Ba kasafai yake dawowa ba.

Ku koma asibiti ba jira in ya daina sha, ko zazzaɓi ya hau, ko barci ya yi masa yawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya riƙa ƙwalla ƙara yana naɗe ƙafa zuwa ciki, ko aka ga jini a kashinsa, ko fitsari ya ragu ko ya yi ja, ko wani tabo ya fashe ya zama gyambo. Kuma in irin wannan tabo ya fito wa yayansa, ɗan shekara uku zuwa goma, a ƙafafu da ɗuwawu, da ciwon ciki ko na gaɓoɓi, to wannan ɗan'uwan ciwon ne da ake kira Henoch-Schönlein, shi kuwa yana iya taɓa ƙoda a ɓoye bayan fata ta warke. Ku riƙa kai fitsarinsa a duba, a auna masa hawan jini duk ranar da aka sa muku, ko da yana tsalle a tsakar gida, har wata shida su cika.